Tsakanin allura da ƙwalwa: yadda ake karanta sakamakon gwajin magani bisa dabbobin laboratuwar

1. Gabatarwa

Akwai wani gwaji da kusan kowane ɗalibin ilimin magunguna ya sani, sabili da ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Ana raba ɓeraye gida biyu. Gida ɗaya a ba shi ruwan wani tsiro da masu maganin gargajiya ke cewa yana kwantar da hankali, ɗayan kuma a ba shi ruwan gishiri kawai. Bayan ɗan lokaci sai a yi wa dukansu allurar maganin barci na dangin barbiturik, misali pentobarbital. Ana kwantar da dabba rigingine a duba agogo. Sa'ad da ta iya juyowa ta tsaya bisa ƙafafunta, an ce ta farka. In waɗanda suka sha ruwan tsiron sun fi daɗewa cikin barci, sai a rubuta cikin memuwar cewa tsiron yana aiki bisa ƙwalwa.

Wannan hukunci yana iya zama daidai, yana kuma iya zama kure, alhali agogo bai yi ƙarya ba. Tsakanin bakin allura da ƙwayar jijiya akwai zango da dama, kuma a kowane zango jiki yana taɓa maganin: ya rage shi, ko ya tare shi, ko ya mai da shi wani abu dabam. Abin da muke son nunawa cikin wannan maƙala shi ne, ba a iya fassara abin da aka gani ga dabba sai an san wace dabba ce, da yadda jikinta ya sarrafa maganin, da kuma ainihin abin da aka auna. Cikin bayanin za mu riƙa cewa "ɓera" ga babban nan na laboratuwar, "kusu" kuma ga ƙaramin, don jinsi biyu ne, kuma za a ga sun sha bamban.

2. Hanta kafin ƙwalwa

Ƙoda ce ke fitar da yawancin magunguna daga jiki, amma tana iya fitar da abin da ke narkewa cikin ruwa ne. Magungunan da ke shiga ƙwalwa kuwa galibinsu cikin mai suke narkewa, in ba haka ba da ba su ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwalwa ba. Irin wannan magani ko ƙoda ta tace shi, sai ya sake tsotsuwa ya koma cikin jini. Aikin hanta shi ne ta canza ƙirarsa ya zama mai narkewa cikin ruwa, sannan ya fita da fitsari. Manyan ma'aikatan wannan aiki su ne dangin anzim da ake kira sitokrom P450, sunan da ya fito daga aikin Tsuneo Omura da Ryo Sato a Japan a 1962.

Tun kafin a raɗa masu suna, ƙungiyar Bernard Brodie a Bethesda, ƙasar Amurka, ta auna ƙarfinsu ga dabbobi iri-iri. A 1958 Quinn da Axelrod da Brodie suka buga sakamakon da har yau ake koyarwa. Sun yi allurar hegzobarbital, miligiram 100 ga kowane kilo na nauyin jiki. Kusu ya yi barcin minti 12, zomo minti 49, ɓera minti 90. Kare kuwa, da rabin wannan awo kawai, ya kai minti 315. Da suka auna lokacin da maganin ke ɗauka kafin ya ragu da rabi cikin jini, sai suka samu minti 19 ga kusu, 60 ga zomo, 140 ga ɓera, 260 ga kare. Da suka niƙa hantar kowace dabba suka zuba mata maganin cikin kwalba, hantar kusu ta fi ta kare saurin rushe shi fiye da sau 10. Ke nan galibin bambancin barcin daga hanta ya taso.

Cikin jinsi ɗaya ma haka ne. Macen ɓera ta fi namijin daɗewa cikin barcin hegzobarbital nesa ba kusa ba, domin hantar namiji tana da wasu anzim da ta mace ba ta da su da yawa. Daga baya aka gane yadda sinadarin girma ke fita cikin jini ne ke tsara wannan: ga namiji yana zuwa bi da bi, ga mace kuma yana nan kusan kullum. Wannan bambanci mai girma halin ɓera ne. Ga ɗan Adam bai kai haka ba ko kusa. Ɗalibin da ya cakuɗa maza da mata cikin rukuni ɗaya, don su ne suka samu a ɗakin dabbobi, ya riga ya ɓata lissafinsa tun bai buɗe kwalbar magani ba.

Hanta kuma tana koyo. Herbert Remmer a Jamus da Allan Conney a Amurka, wajen 1959 da 1960, sun nuna in aka yi kwanaki ana ba ɓera fenobarbital, hantarsa tana girma, anzim ɗinta su ƙaru, sai sauran magunguna su riƙa gushewa da sauri. Fenobarbital shi ne Gardénal da aka daɗe ana ba masu farfaɗiya a gidajen likita na ƙasarmu, don haka batun bai tsaya ga ɓera ba. Abin mamaki shi ne irin ƙananan abubuwan da ke iya tayar da hanta haka. A 1963 ƙungiyar James Fouts ta lura sakamakonta ya rikice bayan an yi feshin maganin ƙwari, klordan, a ɗakin dabbobi. A 1967 Elliot Vesell ya nuna ɓarɓashin katako mai laushi, irin na sidar da pin, da ake shimfiɗa wa dabbobi cikin keji, shi kaɗai ya isa ya ƙara anzim na hanta ya gajarta barci. Da aka canza shimfiɗar da ta itace mai tauri sai abin ya koma yadda yake. Wanda ke karɓo shimfiɗar kejinsa daga wurin kafinta, bai san ko wane itace aka goga ranar ba, ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani.

3. Yadda ake raba aikin hanta da na ƙwalwa

In ana iya gaggauta hanta, ana iya taka mata birki. Misalin da ya fi shahara shi ne wani sinadari mai lamba SKF 525-A. Shi kaɗai ba ya sa barci, amma in aka ba dabba shi kafin hegzobarbital sai barcin ya tsawaita ninki-ba-ninki. A 1954 Axelrod da Brodie da abokin aikinsu Reichenthal suka nuna yana hana hanta rushe maganin ne. Cikin gwajin da muka fara da shi, wannan sinadari zai ci jarrabawa a matsayin mai kwantar da hankali, alhali a hanta yake aikinsa. Tsirrai da yawa suna ɗauke da irinsa. Piperin, wanda ke ba masoro yajinsa, an nuna a Indiya a 1985 cewa yana danne anzim na hanta, yana kuma tsawaita barcin hegzobarbital ga kusu.

Hanyoyin rarrabewa sun tsufa kuma ba su da tsada. Ta farko ita ce a maimaita gwajin da barbital, wani barbiturik da hanta kusan ba ta taɓa shi, ƙoda ke fitar da shi yadda ya shiga. Tsiron da ya tsawaita barcin pentobarbital amma ya bar na barbital yadda yake, zato ya fi ƙarfi bisa hanta. Ta biyu ita ce a canza lokaci: a bar dabba ta yi barcinta, daidai sa'ad da ta farka a yi mata allurar ruwan tsiron. A wannan lokaci akwai sauran barbiturik cikin ƙwalwarta, kaɗan ne ya rage ya kai awon barci. Abin da ke ƙarfafa aikinsa bisa jijiyoyi zai sake kwantar da ita, abin da ke hana hanta aiki kuwa ba zai iya ba, don ba ya ƙara abin da ya riga ya ragu. Inda akwai na'urar awo, hanya mafi inganci ita ce a auna yawan barbiturik cikin ƙwalwa lokacin farkawa. In rukunin biyu sun farka bisa awo ɗaya, ƙwalwa ba ta canza ba, jinkirin fita ne aka samu. In masu shan tsiron sai da awon ya sauka ƙasa sosai kafin su farka, to ƙwalwar ce ta ƙara jin maganin.

Sai zafin jiki, wanda aka fi mancewa da shi. Ƙaramar dabba mai barci tana saurin yin sanyi, kuma hanta mai sanyi ba ta da hanzari. Gwajin da aka yi da sanyin safiyar Janairu da wanda aka yi da rana tsaka cikin watan Afrilu a Yamai ko Damagaram, cikin ɗakin da ba a daidaita zafinsa ba, bai kamata a jera su cikin jadawali ɗaya ba. A ganinmu, juri na da haƙƙin ya tambayi ma'aunin zafi kafin ya tambayi lissafin ƙididdiga.

4. Me ake aunawa cikin ƙwalwa?

Mu ɗauka maganin ya isa. Ƙwayoyin jijiya suna magana da juna ta hanyar sinadarai da za mu kira manzanni: ƙwaya ta tara manzo cikin ƴan jakunkuna, ta sake shi a magamarta da ta gaba, ya je ya zauna bisa makarɓinsa, sannan a rushe shi ko a tsotse shi a mayar. Tarihin gano wannan ya rataya bisa rezerpin, wanda aka tace a 1952 a Bazel ta Suwis daga saiwar Rauwolfia serpentina ta Indiya. Ƴar'uwarta Rauwolfia vomitoria tana fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Zomon da aka yi wa allurarsa sai ya lafe, idanu a lumshe, kunnuwa a kwance. A 1955 Pletscher da Shore da Brodie suka nuna rezerpin yana kwashe serotonin daga jiki da ƙwalwa, suka ɗora lafewar bisa wannan rashi.

Awonsu daidai ne, fassarar ce ta yi gaggawa. Rezerpin yana toshe ɗan dakon da ke loda manzanni cikin jakunkuna, kuma wannan ɗan dako ba serotonin kaɗai yake ɗauka ba. Arvid Carlsson, wanda ya yi ƴan watanni gun Brodie kafin ya koma Lund ta Suwidin, ya yi gwajin da ya raba gardama a 1957. Tun da manzannin ba su ratsa shingen jini da ƙwalwa, sai ya ba dabbobin abin da jiki ke ƙera su da shi. Mafarin serotonin bai tashe su ba. Mafarin ɗaya dangin, wato DOPA, ya tashe su cikin ƴan mintoci. A 1958 ya nuna abin da DOPA ya mayar cikin ƙwalwa shi ne dopamin. A 1959 ɗalibbansa Bertler da Rosengren suka samu yawancinsa a tattare yake cikin sitiriyatom, yankin da ke daidaita motsi. A 1960 Ehringer da Hornykiewicz a Biyana suka tarar dopamin ya ƙaranta a wannan yanki ga mamatan da suka yi fama da ciwon Parkinson, kuma daga nan maganin L-DOPA ya samo asali. Carlsson ya samu kyautar Nobel a 2000.

Darasi na biyu ma daga gare shi ya fito. A 1963 shi da Margit Lindqvist suka ba kusu klorpromazin da haloperidol, magungunan taɓin hankali. Yawan dopamin cikin ƙwalwa bai wani motsa ba, amma ragowar da yake bari in an rushe shi ta ƙaru. Suka fassara cewa magungunan sun toshe makarɓi, ƙwayoyin jijiya kuma, da saƙonsu bai isa ba, suka ƙara ƙerawa da sakewa. Randa tana iya zama cike saboda ba mai ɗiba, tana kuma iya zama cike saboda ana ɗiba ana zubawa. Wanda ya leƙa sau ɗaya ba zai bambanta ba. Shi ya sa ake auna manzo tare da ragowarsa. Akwai kuma matsalar mutuwa: da zarar jini ya yanke, gilukos da ATP na ƙwalwa suna faɗuwa cikin daƙiƙoƙi, laktat ya hau, GABA ma ya ƙaru bayan ƴan mintoci. In ba a daskarar da naman nan take ba, abin da aka auna aikin mutuwa ne fiye da aikin magani.

Ƙwalwar mutum kashi 2 bisa 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin wajen kashi 20 na iskar oksijan, kuma gilukos ne kusan dukan makamashinta. Louis Sokoloff ya yi amfani da wannan a hanyar da ya buga a 1977. Ana yi wa ɓera allurar deoksigilukos, wani mai kama da gilukos wanda ƙwaya ke haɗiya ta fara sarrafawa, sai ya maƙale a mataki na farko. An saka masa karbon 14, mai fitar da hasken da ido ba ya gani amma yana baƙanta fim. Bayan minti 45 sai a yanka ƙwalwar falle-falle a ɗora bisa fim, inda ya fi baƙi nan aka fi aiki. Da aka gwada da tiyopental, cin gilukos ya ragu ko'ina, musamman a sashen nan mai launin toka, har yankunan da a farke suka sha bamban suka kusa zama ɗaya. Saboda haka duk awon da aka yi bisa dabbar da aka sumar, ya haɗa da aikin maganin sumarwar.

5. MPTP: inda ƙwalwa ke dafa wa kanta guba

A 1982, a arewacin Kaliforniya, aka kai wasu matasa asibiti jikinsu ya sandare kamar tsofaffi masu Parkinson na shekaru. Sun yi wa kansu allurar wata ƙwaya ta jabu da aka haɗa a ɓoye, wadda ta gurɓata da MPTP. William Langston ya buga labarinsu a 1983. Ga ɓera, MPTP ba ya yin wata ɓarna mai ɗorewa, kuma da ɓera kaɗai aka dogara gare shi da an wanke wannan sinadari. Amma a 1983 ɗin, Burns da Kopin da abokan aikinsu suka ba birai, sai ga ciwon sak, ƙwayoyin dopamin na baƙin yankin nan na tsakiyar ƙwalwa sun mutu.

Cikin shekaru biyu aka warware zaren. MPTP da kansa ba guba ba ne. Yana narkewa cikin mai, ya ratsa shinge cikin sauƙi. Can ciki, anzim MAO-B da ke cikin ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi hidima shi ke mai da shi MPP+, kamar yadda Chiba da Trevor da Castagnoli suka nuna a 1984. Shi MPP+ ɗan dakon da ke tsotse dopamin ya mayar cikin ƙwaya yana ɗaukarsa bisa kuskure, don haka ƙwayoyin dopamin ne ke tara shi. A cikinsu sai ya shaƙe mataki na farko na numfashin mitokondiri, murhun da ke samar da ATP. In aka toshe MAO-B tun da farko, dabba ta tsira. In aka toshe ɗan dakon, ita ma ta tsira.

To me ya kare ɓera? In aka zuba MPP+ kai tsaye cikin ƙwalwarsa, ƙwayoyinsa ma suna mutuwa. Ɗaya daga cikin bayanan da aka kawo shi ne, bangon ƙananan jijiyoyin jinin ƙwalwarsa cike yake da MAO-B, sai a juya MPTP tun a bakin ƙofa, MPP+ kuwa ba ya iya ratsa shinge. An kuma nuna ƙwayoyinsa sun fi iya kulle gubar cikin jakunkuna. Kusu yana tsakani: irin nan baƙi, C57BL/6, yana kamuwa, wasu iri kuma ba su cika ji ba. Maƙalar da ta ce "kusu" kawai ba ta faɗi irinsa ba, ta ɓoye rabin bayaninta.

6. Tramadol

Ba sai an gabatar wa mai karatu na Maraɗi ko Tawa da tramol ba. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977. Ta fuskar abin da muke tattaunawa, magani biyu ne cikin ƙwaya ɗaya. Shi kansa yana hana a tsotse serotonin da noradrenalin a mayar, sai su daɗe a magama. Amma in ya bi ta hanta, anzim CYP2D6 yana cire masa wani ɗan reshe ya zama O-desmetiltramadol, wanda ake taƙaitawa M1, kuma shi ne ke kama makarɓin da morfin ke kamawa da ƙarfin da ya ninka na uwar ƙwayar sau ɗaruruwa. Wannan ya sa nalokson, mai karya aikin morfin, ba ya karya aikin tramadol duka, kuma farfaɗiyar da ke kama masu shan da yawa ba ta cikin abin da yake magancewa.

Gwargwadon M1 da jiki ke yi shi ke nuna wanne cikin fuskokin biyu zai rinjaya. Kare kaɗan yake yi, kuma wani gwaji da aka buga a Amurka a 2018 bai ga amfanin tramadol ga karnuka masu ciwon gaɓoɓi ba. Kyanwa tana yi da yawa. Mutum yana da CYP2D6 ɗaya mai aiki, ɓera da kusu kuwa kowannensu na da dangin CYP2D da dama, don haka ba su zama madubinsa kai tsaye. Mutane ma ba ɗaya ba ne: kashi 5 zuwa 10 bisa 100 na Turawa ba su da anzim ɗin mai aiki, yayin da wani bincike na 1996 ya samu kashi 29 na Habashawan da aka gwada suna da ƙarin kwafin jinin halittarsa, abin da ke sa su juya magani da sauri fiye da kima.

Ko abin da ke cikin sirinjin ma sai an bincika. A 2013 wasu masu bincike suka ba da labarin sun samu tramadol cikin saiwar tafashiya daga Kamaru, suka ɗauka itacen ne ke ƙera shi. A 2014 wata ƙungiya daga Dortmund ta Jamus ta tarar da shi cikin samfuran arewacin ƙasar ne, inda manoma ke shan ƙwayar suna kuma ba shanun huɗa. Ta same shi cikin ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu tsirrai dabam, ta ce fitsari da kashi ne suka kai shi can. Duk wanda zai gwada ruwan saiwa bisa kusu don neman maganin zogi, in saiwar daga karkarar da tramol ya yawaita aka haƙo ta, ya kamata ya fara neman tramadol da M1 cikin samfurinsa, ya kuma rubuta ƙauyen da watan da aka haƙo ta.